Daga Duwatsun Birnin Kudu Zuwa Majigi: Tarihin Zane Mai Motsi da Bukatar Saninsa ga Masu Koyon Sana'ar

Wannan takarda za ta yi magana ne a kan abin nan da yara ke kira katun, mu kuwa a nan za mu kira shi zane mai motsi. Abin nufi shi ne a jera zane-zane masu kama da juna, kowanne ya ɗan saɓa wa na bayansa, a gitta su a gaban ido da sauri, har mai kallo ya ga kamar abin da aka zana yana motsi da kansa. A ƙa'idar sinima hotuna 24 ke wucewa cikin kowace daƙiƙa. Galibin masu zane sukan nuna zane ɗaya sau biyu don rage wahala, watau zane 12 a daƙiƙa, 720 ke nan a minti guda.

Na san wani zai ce me ya kawo wasan yara cikin taron masana. Dalilina shi ne wani abu da ya faru a gabana sa'ad da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a ƙasar Gwaram. Wani ɗalibi mai himma ya shirya ɗan gajeren zane mai motsi a kwamfuta don ya koyar da darasin kiwo. Da ya kunna, sai ga saniya mai dabbare-dabbaren baƙi da fari irin ta jikin gwangwanin madara, ba tozo, ba ƙaho, ƙafafunta na buɗewa suna rufewa kamar almakashi. Ajin ya ɓarke da dariya. Wani yaro, da ganinsa ka ga ɗan makiyaya, ya ce, "Malam, ai ba haka saniya ke tafiya ba." Ɗalibin nan ya iya na'ura sarai. Abin da bai sani ba shi ne, tun farkon wannan sana'a masu ita da kallon abu mai rai suke farawa, na'ura daga baya take zuwa. Da ya san tarihin sana'arsa da ya san haka.

Shanun kan dutse

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu soma. A Birnin Kudu, a cikin kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen dā suka bari a jikin dutse, yawancinsu na shanu. Labarinsu ya kai ga masana a cikin shekarun 1950, kuma Bernard Fagg, wanda ya yi aiki a Ma'aikatar Kayan Tarihi a Jos, ya gabatar da takarda a kansu a taron masana tarihin dauri na Afirka da aka yi a Livingstone a 1955. Shi ne kuma ya bayyana wa duniya duwatsun nan na wurin masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar kuge. Akwai irin waɗannan zane-zane a Shira da Geji cikin Jihar Bauci.

A nan dole in yi taka-tsantsan. Akwai masu son su ce duk wani zanen kogo shi ne kakan sinima. Gaskiya ne a kogon Chauvet na Faransa an sami dabbar da aka yi wa ƙafafu fiye da huɗu, har wasu masana suka ce nufin mai zanen ya nuna gudu. An kuma tono wata tasa ta yumɓu a Shahr-e Sukhteh ta ƙasar Iran mai zanen akuya sau biyar a jere, tana tsalle za ta ci ganye. Shanun Birnin Kudu ba haka suke ba. A tsaye suke, kuma ba na jin ya kamata kishin gida ya sa mu ɗora musu abin da ba nasu ba. Darajarsu a wani wuri take. Shanun da aka zana ba su da tozo, ga wasunsu da dogayen ƙahoni. Wanda ya duba garken Fulani a yau tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, bunaji zai gani da rahaji, duk masu tozo. Marasa tozo sai muturu can kudu, ko kuri a bakin Tafkin Cadi. Ashe ke nan mai zanen nan ya lura da dabbarsa har ya bar mana shaidar irin shanun da aka kiwata a wannan ƙasa kafin waɗanda muka sani. Na taɓa kai ɗalibai wurin na ce su kwafi abin da suka gani. Da na karɓi takardunsu, da damansu sun ƙara wa shanun tozo. Sun zana abin da ke kansu, sun bar abin da ke gabansu.

Yadda zane ya soma motsi

Motsin kansa a Turai aka ƙago shi, kuma da kayan da ba su fi ƙarfin talaka ba. A 1832 Joseph Plateau, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi wani faifai na kwali mai tsage-tsage a gefe, da zane-zane a kewaye. In an juya shi a gaban madubi aka leƙa ta tsagar, sai a ga zanen yana rawa. Émile Reynaud na Faransa ya kyautata dabarar da madubai a 1877, sa'an nan ran 28 ga Oktoba 1892 ya soma haska zane-zanensa a bango ga 'yan kallo masu biya a Faris, shekara uku kafin 'yan'uwan nan Lumière su fito da sinimarsu. Watau zane mai motsi ya girmi sinimar da muka sani.

A tsakanin nan ne, a 1878, Eadweard Muybridge ya jera na'urorin ɗaukar hoto a filin sukuwa a Kalifoniya, ya ɗauki doki yana gudu. Hotunan suka nuna cewa akwai lokacin da kofatansa huɗu duk suke sama, amma a sa'ad da ƙafafun suke tattare a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. Har yanzu littattafansa ne abin dubawar masu wannan sana'a. Ko kamfanin Disney, da zai yi fim ɗin Bambi na 1942, sai da ya kawo 'ya'yan barewa masu rai don ma'aikata su yi ta kallonsu. Da ɗalibina ya zauna rabin yini a mashayar shanu, da ya ga saniya na ɗaga ƙafar baya ta hagu, sai ta gaba ta hagu, sai ta baya ta dama, sai ta gaba ta dama, kai na sunkuyawa da kowane taku, tozo da fatar wuya na reto a makare. Da ya ga kuma raƙumi ba haka yake yi ba, ƙafafun gefe ɗaya yake jefawa kusan tare.

Sauran labarin sananne ne, ba zan daɗe a kansa ba: Émile Cohl da Fantasmagorie a 1908, zane wajen 700, Winsor McCay da Gertie a 1914, shigowar sauti cikin Steamboat Willie a 1928, Snow White a 1937, da Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka yi shi duka da kwamfuta. Wadda nake so mu tsaya a kanta ita ce Lotte Reiniger ta Jamus. Da almakashi da baƙin kwali ta yanka mutanenta, ta haɗa gaɓoɓinsu da waya, ta shimfiɗa su a kan gilashi mai haske daga ƙasa, tana gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗauka. Shekara uku tana wannan aiki, ta fito da labarin Yarima Ahmad a 1926, wanda shi ne dogon fim ɗin zane mafi tsufa da ya rage a duniya. Daga ina ta ɗauko labarin? Daga Dare Dubu da Ɗaya, littafin da Hausawa suka sani tun a ajami. Duk yaron da ya taɓa haɗa yatsunsa a gaban fitilar ƙwai ya fitar da kan kare a bango ya riga ya fahimci rabin dabararta.

Majigi da zargin da ya zo da shi

Kalmar majigi kanta tarihi ce, domin daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hotuna ta Turawa aka aro ta, wadda sunanta ke nufin fitilar sihiri. A Arewa majigi ya zama sunan motar nan ta gwamnati mai zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko gidan hakimi, a nuna fim kan tsabta ko noma, irin su Baban Larai. Gidan sinima kuwa, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937, ba a ɗauke shi wurin mutanen kirki ba. Mai son kai zanensa ga iyaye da yara a ƙauye ya kamata ya san wannan bambanci, don har yanzu yana da tasiri a kan abin da magidanci zai bari a kalla a gidansa.

Amma majigi ya zo da wani zargi. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Ikko wanda ya shugabanci Sashen Fina-finan Ƙasashen Mulkin Mallaka da aka kafa a 1939, ya tafi a kan cewa baƙauyen Afirka ba ya gane fim sai an yi masa shi sannu-sannu, ba dabarar na'ura, ba tsallake lokaci. In haka ne, to, mutanen da suka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, inda kura ke magana kuma a tafi Birnin Sin a jimla ɗaya, su ne aka ce ba za su gane hikima a hoto ba.

Wanda ya rushe wannan magana maƙwabcinmu ne. Moustapha Alassane, haifaffen Nijar a 1942, makanike ne da fari. Tun yana yaro yake zana hotuna a kan takarda mai shara-shara yana haska su da fitila ga mutanen garinsu, kafin ya taɓa riƙe na'urar ɗaukar fim. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada inda ya haɗu da Norman McLaren, ya fito da La Mort de Gandji a 1965 da Bon Voyage Sim a 1966. Na biyun nan 'yan mintoci ne kawai, zane ne na layi tsurarsa, kuma kwaɗi ne 'yan wasan: shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyara wata ƙasa, ga fareti, ga jirgin sama, ga 'yan rakiya. Habaici ne ga sababbin shugabannin Afirka, irin wanda 'yan kama ko 'yan gambara kan yi, abin da ba za a iya faɗa da fuskar mutum ba aka sa kwaɗo ya faɗa. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Ya kuma yi Kokoa, wanda sunansa Hausa ne, kokawar gargajiya ce da makaɗa da alƙali, amma duk dabbobi. Ya zauna a Tawa, cikin ƙasar Adar, yana aiki da abin da hannunsa ya kai gare shi, har ya rasu a 2015. Na tambayi ɗalibai ajin ƙarshe masu nazarin zane ko sun san shi. Ba wanda ya ɗaga hannu, alhali kuwa kowannensu ya iya lissafo katun ɗin Japan goma.

Ba wai Nijeriya ta zauna ba ne. Adamu Waziri ya soma Bino and Fino a Abuja don yara, Lady Buckit and the Motley Mopsters ya fito a 2020, Iwájú kuma a 2024 da haɗin gwiwar Disney. Sai dai kusan duk a Turanci aka fara yin su, kuma rayuwar birni suke nunawa. Yaron Gwaram bai ga garinsu a ciki ba tukuna.

Saboda haka a darasina na sauya tsari. Mako huɗu na farko ba a taɓa kwamfuta. Kowane ɗalibi zai yanka faifan Plateau da kwalin sabulu, ya kalli Reiniger da Alassane, sa'an nan mu ɗauki mota mu tafi Birnin Kudu, mu kwana biyu: ranar farko a kogo ana kwafar shanu marasa tozo yadda suke, rana ta biyu a kasuwar shanu ana zana masu tozo suna tafiya. Wanda ya kawo zane 12 na taku ɗaya cikakke, aka jera su a gefen littafi aka karkaɗa da babban yatsa har saniyar ta yi tafiyar da ɗan Fulani ba zai yi mata dariya ba, shi ne zai wuce ɗakin na'ura.