Zomaye, ɓeraye da maganin shanyewar ɓarin jiki

Yau tarihi zan ɗan taɓo mana, na cutar da kusan kowa ya san gidan da ta shiga: shanyewar ɓarin jiki. Galibi gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. To ta yaya likitoci suka nazarci abin, alhali ba a toshe jijiyar mutum don gwaji? Da dabbobi.

A 1981, Tamura da abokan aikinsa a Gilasgo suka riƙa buɗe ƙoƙon kan ɓera suna ƙone jijiyar. A 1986 Koizumi a Japan ya zo da dabara mai sauƙi: a zura siririn zaren nailan ta jijiyar wuya har ya toshe hanyar, daga baya a zare shi jini ya dawo. Dabarar ta karɓu sosai. Amma fa zare ba gudan jini ba ne, babu maganin da zai narkar da shi.

Shi ya sa aikin Justin Zivin na Amurka ya fi burge ni. Shi gudan jini na gaske ya riƙa turawa cikin jijiyar zomaye, sannan ya ba su tPA, maganin da ke narkar da gudan. A 1985 ya wallafa cewa maganin ya rage ɓarnar. Shekara goma bayan nan gwaji kan mutum 624 ya tabbatar da amfaninsa, a 1996 Amurka ta amince da shi, da sharaɗin a bayar cikin awa 3. Daga baya aka kai awa 4 da rabi. Ku lissafa, wanda aka tsaya ana masa shafe-shafe a gida har dare, lokacin ya riga ya wuce shi.

Sauran labarin kam babu daɗi. Wani nazari na 2006 ya ƙirga magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada, 114 suka kai ga marasa lafiya, kusan duk suka faɗi. A ganina ba abin mamaki ba ne. Ɓeran gwaji yawanci saurayi ne lafiyayye, kuma nan take ake ba shi magani. Wanda ake kawowa asibiti kuwa dattijo ne mai hawan jini, wataƙila ga ciwon suga, an kuma ɓata awanni a hanya. Tun 1999 masana suka fara tsara ƙa'idojin gyara wannan, har aka zo ana neman a riƙa gwaji da tsofaffin dabbobi, da mata, da masu hawan jini.