Daga Allo Zuwa Waya: Tarihin Karatu Daga Nesa a Ƙasar Rano

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona, ɗaliban manyan makarantu suka koma garuruwansu. Cikinsu akwai 'yan Rano da Kibiya da ke karatu a Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da kuma reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da ke cikin garin Rano. A watan Afrilu, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Umarnin ya tarar da malaman jami'o'i cikin yajin aikin da bai ƙare ba sai watan Disamba. Inda aka gwada kuwa, yawanci abin da ya isa hannun ɗalibi shi ne takardun darasi da muryar malami ta WhatsApp, in an sami caji da kuɗin data.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan ne karon farko da aka nemi koyar da ɗalibin da ba ya gaban malaminsa. Tarihin abin ya fi haka tsawo, kuma darasi ɗaya yake ta maimaitawa.

A tsarin tsangaya, wanda ƙasar Rano ta sani tun kafin zuwan boko, gardi kan keɓe ya rubuta satunsa a allo shi kaɗai. Amma karatun bai cika ba sai ya kai allon wurin darasu, malam ya saurara, ya gyara kuskure, sannan a wanke a ci gaba. Ɗalibi na iya nisanta da malaminsa kwana da kwanaki, muddin rubutunsa zai dawo a duba.

Da boko ya kafu, ma'aikatan En'e da malaman firamare masu neman ƙarin ilimi suka rungumi karatu ta gidan waya. Makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila sukan aiko da darasi, ɗalibi ya rubuta amsa ya mayar, a dawo masa da ita da gyara bayan makonni. Hanya ce mai jinkiri da tsada, amma tana da zuwa da dawowa.

Babban gwaji ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa a ƙauyuka, ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wato NTI, domin malami ya ƙaro ilimi ba tare da ya bar ajinsa ba. Ana ba shi littattafan da aka tsara don karatun kai da kai, a ƙarshen mako da lokacin hutu ya je cibiyar da ta fi kusa da shi, ya miƙa aikinsa, ya yi tambaya ido da ido. Malaman karkara da dama ta wannan hanya suka sami takardar shaidar koyarwa, daga baya har da NCE. Abin da ya riƙe tsarin shi ne wannan haɗuwa ta ƙarshen mako.

Jami'ar karatu daga gida kuwa ta sha tuntuɓe. An kafa ta da doka a 1983 zamanin Alhaji Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai bayan dawowar mulkin farar hula, da sunan NOUN. Ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Ita ma, duk da dogaronta ga kwamfuta, ba ta rabu da cibiyoyin karatu a garuruwa ba.

Idan aka auna 2020 da wannan ma'auni, za a ga inda gizo ke saƙa. Wayar salula, wadda ta bazu a ƙasar tun daga 2001, ta sauƙaƙe aika darasi fiye da kowane zamani. Gwamnatin Kano ma ta sa darussan firamare da sakandare a rediyo da talabijin lokacin kulle. Hanyar dawowa ce ta toshe. Ɗalibin Kibiya da damina ta mayar da shi gona, wanda sai ya je shagon caji kafin wayarsa ta tashi, zai iya sauke darasi da dare ya karanta. Amma rubuta doguwar amsa a ƙaramar waya wahala ce, kuma malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa a aji ɗaya ba shi da sararin karanta ta, balle ya gyara. Sai darasi ya zama tamkar wa'azin kasuwa: an ji, amma ba a san wanda ya fahimta ba.

Matsalar ba ta tafi da annobar ba. Yajin aikin 2022 ya sake mayar da ɗalibai gida wata takwas, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk makarantar da ke shirin koyarwa ta intanet ga ɗaliban masarautar Rano, wadda yanzu ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, tana da misalin NTI a gabanta: ɗaki ɗaya a cikin gari mai wutar sola da kwamfutoci, rana tsayayya a mako, da malamin da aikinsa shi ne karanta abin da ɗalibi ya rubuta ya mayar masa da gyara. Malaman tsangaya sun daɗe da sanin cewa allon da ba a kai darasu ba, ba a wanke shi.