Masu Ƙirga Shahuna a Mashigin Masina



Ya ɗan'uwa mai karatu, ni dai tun ina yaro abin da na sani game da tsuntsu mai farce shi ne ihun da ake yi a tsakar gida idan shirwa ta kawo sura kan 'yan tsaki. Ban taɓa tambayar daga ina take zuwa ba, balle inda take komawa idan ta ɓace. Sai da na girma na ci karo da tarihin wani mashigin teku a ƙasar Italiya, wanda ya sa na sake duban aya ta 19 a Suratul Mulk, inda Allah Maɗaukakin Sarki Yake jan hankalinmu ga tsuntsayen da ke samanmu suna shimfiɗa fukafukai suna naɗewa, ba mai riƙe su sai Shi.

Sunan wurin Mashigin Masina, tsakanin tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliyya, da yankin Kalabiriya. A inda ya fi ƙunci, faɗinsa bai wuce kilomita 3 da 'yan kai ba. Wurin ba baƙo ba ne a tarihinmu. A shekarar 827 Miladiyya, Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan kuma ɗalibin Imamu Malik, ya jagoranci rundunar da ta sauka a tsibirin. Masina ta kasance a hannun Musulmi har 1061. A nan ne kuma jirgin Ibn Jubair ya farfashe a watan Azumin 580 Hijiriyya, wato ƙarshen 1184, yana hanyar komawa Andalus daga aikin Hajji.

To, me ya haɗa wannan mashigi da tsuntsaye? Manyan shahuna da gaggafa ba su cika kaɗa fiffike a doguwar tafiya ba. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama, sai su hau ta suna kewayawa har su yi nisa, sannan su zamo a hankali zuwa wata. Teku kuwa ba ta samar da irin wannan iska yadda tudu ke yi. Saboda haka idan bazara ta yi, suka tashi daga Afirka za su Turai yin sheƙa, sai su taru a inda ruwa ya fi ƙunci: Jabal Ɗariƙ, da Bosforus na Istanbul, da Masina. Wanda ya fi yawa a Masina shi ne wani shaho da zan kira shahon rina, domin abincinsa tsutsar rina ce, yana tona gidanta ya cinye. Lokacin sanyin Turai yana dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da kudancin Najeriya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu yake ratsa Masina, bayan ya ƙetare Sahara da tekun da ke tsakanin Tunisiya da Sisili. A gajiye yake isowa, wani lokaci ƙasa-ƙasa.

Nan ne maharba suke jiransa. Sun gina 'yan ɗakunan siminti a kan tsaunuka, suna zama ciki da bindigogi. Ba yunwa ce ta kai su ba. A Kalabiriya akwai camfin cewa duk namijin da bai harbo shaho ɗaya a shekara ba, matarsa za ta ci amanarsa, kuma abokai za su mai da shi abin dariya. Subhanallah! Dubi yadda camfi yake sa tsuntsun da ya tsira daga hamada ya faɗi saboda tsoron gori. Dokar Italiya ta 1977 ta haramta wannan harbi, amma doka tana takarda, bindiga tana kan dutse.

A shekarar 1981 wata yarinya 'yar Masina mai suna Anna Giordano, tana da shekara 15, ta hau tsauni ta ga ana kakkaɓo tsuntsayen da idonta. Abin da ta yi shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Daga 1984 ta fara tara 'yan sa-kai daga Italiya da ƙetare, su kwana kusan wata guda a wurin, kowa da tabarau mai hangen nesa da littafi. Daga safiya zuwa yamma suna rubuta irin tsuntsun da ya wuce, da adadinsa, da sa'ar da ya wuce, da inda iska ke kaɗawa. Suna kuma rubuta ƙarar kowace bindiga da wurin da ta tashi, su kai wa hukuma. Maharban ba su ɗauki abin da wasa ba: a 1986 an cinna wa motarta wuta, an yi ta yi mata barazana. Ba ta sauka daga dutsen ba. Sannu a hankali jami'an tsaron daji suka shigo, kisan da ake yi wa dubbai duk bazara ya ragu zuwa ɗaruruwa. A 1998 aka ba ta lambar yabo ta Goldman kan kare muhalli.

Ina ganin ƙarfin aikin yana cikin ƙirgan. Wanda ya ce "ana kashe tsuntsaye da yawa" za a iya ce masa ya cika surutu. Wanda ya zo da rana da sa'a da adadi, shekara bayan shekara, ya zama shaida, kuma mu mutanen isnadi mun san bambancin jita-jita da shaida. Ƙirgan yana da wuya, domin sai ka bambance tsuntsu daga inuwar fiffikensa yana can ƙololuwa, kuma sai an yi hattara kada wurare biyu su ƙirga garke ɗaya.

Kada wani ya ce na mai da farauta haram. Suratul Ma'ida ta halatta abin da tsuntsu ko kare horarre ya kamo, shirwa ma tana cikin dabbobi biyar da hadisi ya yarda a kashe saboda ɓarnarsu. Amma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, ta karhanta farauta don wasa kawai, kuma a Sahihu Muslim an hana mai da abu mai rai abin gwada harbi. Shahon rina bai taɓa ɗan tsakon kowa ba. Na tuna wata rana da muka jefe wani ɗan shaho da danƙo a bayan gari, muka bar shi nan cikin ƙura, ba mu ci ba, ba mu ba kowa ba. Astagfirullah. Bazara ce, ana zafi, kuma tsuntsun arewa ya fuskanta.