Tarihin shaidar mai saye, daga masaukin fatake zuwa kasuwar intanet

A cikin watan azumin da ya wuce, wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni a gida. Na koyar da ita a ajin ƙarshe na firamare, yanzu tana gidan mijinta a nan Maraɗi, tana haɗa turaren wuta da humra tana tallarsu a WhatsApp da Facebook. Bayan mun gaisa sai ta miƙo mini wayarta. Wata mata a Yamai ta sayi kwalba biyu a wurinta, motar da aka ba saƙon ta yi jinkiri, ɗaya kwalbar kuma ta fashe a hanya. Matar ba ta kira ta ba. Ta rubuta a ƙarƙashin hoton kayan cewa wannan macuciya ce, ta kuma tura maganar cikin wani rukunin mata. Sati uku ke nan babu wanda ya tambaye ta ko kuɗin kwalba ɗaya.

Ta ce da ni, "Mushe, mutum nawa na sayar wa suka ji daɗi suka yi shiru, amma maganar mutum ɗaya ta rufe mini kasuwa?"

Ni aikina ba da maki ne, shekara ashirin ke nan ina yi, na kuma san abin da jan biro ke yi wa yaro. Tambayarta ce ta sa na koma na bi tarihin wannan al'ada ta mai saye ya yanke wa mai sayarwa hukunci a bainar jama'a.

Matsalar tsohuwa ce. Duk cinikin da ke tsakanin mutanen da ba su san juna ba yana bukatar wani ya tsaya ya ce na san wannan, ku yarda da shi. A ƙarni na 19, fataken Kano da Katsina kan yi watanni a hanya da jakuna zuwa Salaga ta ƙasar Gonja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Bafatake in ya isa garin da ba shi da kowa, gidan maigida yake sauka, wanda wasu ke kira fatoma. Shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga yadda wannan tsari ke aiki a cinikin shanu da goro, ya fitar da littafinsa a 1969. Shanun da aka koro daga arewa bashi ake sayar wa mahauta, kuma maigida ne ke lamuni. In mahauci ya ƙi biya, asarar a wuyan maigida take. Saboda haka dole ya san halin kowane mahauci, ya san wanda kasuwarsa ke ci da wanda ta fara karyewa. A nan gida ma, Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda dukiya ke yawo tsakanin ubangida da baransa, da tsakanin abokan ciniki na nan da na Kano, galibi babu takarda sai amana. Abin lura a duk wannan tsari shi ne mai ba da shaida sananne ne, kuma in shaidarsa ta zama ƙarya, aljihunsa da sunansa ne za su biya.

Kasuwar intanet ta taso da wannan matsala tun ranar farko. A watan Satumba na 1995, Pierre Omidyar, wanda aka haifa a Faris iyayensa ƴan Iran, ya buɗe wani shafin gwanjo a jihar Kalifoniya ta Amurka, shi ne daga baya ya zama eBay. Cikin kayan farko da ya sayar har da wata lalatacciyar fitilar leza ta nuni, a kan dalar Amurka 14 da santi 83. Nan da nan mutane suka cika shafin, kowa na aika kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, don kayan da bai taɓa riƙewa ba. Cinikin biri a sama ke nan. Rigingimu suka yi yawa, duka kuma a kansa ake kawo ƙara. A watan Fabrairu na 1996 sai ya buɗe wani sashe inda mai saye da mai sayarwa za su ba juna maki bayan ciniki: yabo, ko tsaka-tsaki, ko suka, tare da ƴar gajeriyar magana. Amazon, wanda ya fara da sayar da littattafai a 1995, shi ma ya bar masu karatu su rubuta ra'ayinsu su ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, a shekara ta 2000 kuma ya buɗe wa ƙananan ƴan kasuwa ƙofa su baje kayansu a shafinsa. Aikin da maigida ke yi da bakinsa ya koma hannun dubban baƙi.

Gaskiya tsarin ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa rana. Mutumin da ba shi da shago a bakin titi, ba shi da kuɗin talla a rediyo, ya samu hanyar tara suna. Masu bincike na jami'o'in Michigan da Harvard, cikinsu akwai Paul Resnick da Richard Zeckhauser, sun gwada darajar wannan suna. Sun sa wani tsohon mai sayar da katunan hoto na da a eBay ya sayar da kaya iri ɗaya, wani da sunansa da aka sani, wani da sababbin sunaye marasa shaida. Sakamakon da suka buga a 2006 ya nuna tsohon sunan ya samu kuɗi sama da na sababbin da wajen kashi 8 cikin ɗari.

Sai dai abin da ya ɗaga mutum shi ke iya kayar da shi. Luís Cabral da Ali Hortaçsu sun bi diddigin masu sayarwa a eBay, suka buga a 2010 cewa da zarar mutum ya samu sukar farko, cinikinsa na mako da ke ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari sai ya juya yana raguwa da kashi 8. Michael Luca na Harvard kuma ya duba gidajen abinci na birnin Siyatil da taurarin da ake ba su a shafin Yelp. A 2011 ya nuna ƙarin tauraro ɗaya na kawo ƙarin kuɗin shiga kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, amma a gidajen abinci masu zaman kansu kawai. Manyan kamfanoni masu rassa ko'ina abin bai taɓa su ba, don an riga an san su.

Kowane malami zai gane dalili in ya tuna yadda muke fitar da matsakaicin maki a ƙarshen zango. Yaron da ya yi jarrabawa biyu kacal, ya ci 18 bisa 20 a ta farko ya samu sifili a ta biyu, ya faɗi da 9. Wanda ya yi ashirin, sifili ɗaya ba zai hana shi wucewa ba. Haka mai shaida biyar, huɗu masu taurari biyar ɗaya mai tauraro ɗaya, makinta ya sauko 4.2, a jerin kaya kuma ta koma ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Mai shaida dubu kuwa ko a jikinsa.

Da farko a eBay shaida ta kowane ɓangare ce, sai abin ya zama ba ni gishiri in ba ka manda. Mai saye na tsoron ya soki mai kaya a rama masa, har binciken farko ya tarar kusan kashi 99 cikin ɗari na makin da ake bayarwa yabo ne. A 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunan maki. Hakan ya ba mai saye damar faɗin gaskiya, amma ya bar ƙaramin ɗan kasuwa da hannu ɗaure a gaban wanda zai ce a rage mini kuɗi ko in ɓata ka.

Da suna ya zama kuɗi, sai aka fara sayar da shi. A ƙasar Sin, inda Taobao ya buɗe a 2003, an samu masu sana'ar cinikin ƙarya, a aika kwalin da babu komai a ciki don a samu damar rubuta yabo, an kuma samu masu rubuta suka da gangan sai an biya su su goge. A 2015 Amazon ya kai ƙarar mutum fiye da dubu da ke tallar rubuta yabon ƙarya a kan dala biyar, a 2016 ya hana ba da kaya kyauta don a yaba, a 2021 kuma ya kori wajen tambarin kaya 600 na ƴan kasuwar Sin saboda wannan laifi. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka mai tara a kan saye da sayar da shaidar ƙarya. Mai gaskiya da ƙaramin jari shi ke tsakiya, ba ya iya sayen yabo kamar manya, ba ya kuma iya jure suka kamar su.

Mu a nan, mafi yawan cinikinmu na waya ba a irin waɗannan manyan shafuka yake ba. A WhatsApp yake, da Facebook, da TikTok, a aika kuɗi ta kamfanin tura kuɗi, a ba direban mota kaya a tasha. Babu taurari, babu ofishin kai ƙara. Shaidarmu ita ce hoton hira da saƙon murya, su kuwa in sun shiga rukuni ɗaya, kafin magariba sun kai Damagaram da Tawa. Mun rabu da maigidan da ke lamuni, ba mu kuma samu ko ɗan tsarin da waɗancan kamfanoni suka gina ba. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa har da wanda ba ya wurin yana iya zararta.

Ba ina cewa a yi shiru a kan macuta ba. Akwai masu karɓar kuɗi su kashe waya, akwai masu nuna atamfa mai kyau su aiko da wata, kuma tona su taimakon jama'a ne. Abin da nake roƙon ƴan'uwana malamai da iyaye shi ne mu koya wa yara cewa abin da suka rubuta a ƙarƙashin kayan wani shaida ce, tana da nauyin shaidar da ake bayarwa a gaban alƙali. Yaranmu su ne masu riƙe da waya a gidaje, su ke rubuta wa iyaye saƙo, gobe kuma su ne masu saye da sayarwa. Su saba da kiran mai kaya tukuna kafin su kai shi gaban jama'a. Su rarrabe laifin mai kaya da na direba. Su faɗi abin da ya faru daidai, ranar kaza na saya, kaza ya iso, maimakon zagi. In an gyara musu, su koma inda suka yi suka su faɗa. In kuma sun ji daɗin kaya, su buɗe baki, don shirun masu jin daɗi shi ke ba muryar mai fushi ƙarfi.

A ajina na fara wani ɗan aiki a darasin rubutu. Nakan kawo labarin ciniki da ya samu matsala, in ce kowa ya rubuta ƙorafinsa cikin jimla uku, babu zagi, babu abin da bai gani da idonsa ba. Sai su yi musayar takardu, kowa ya zama mai kaya ya ba da amsa. Yaran da suka fi zafi a zagayen farko su ne suka fi neman a yi musu adalci a na biyu.

Ɗalibata kuwa ta aika wa matar wata kwalba a madadin wadda ta fashe, ta biya kuɗin mota daga aljihunta. Matar ta goge abin da ta rubuta a ƙarƙashin hoton, amma ba ta koma rukunin matan ta ce an biya ta ba. Ciniki ya fara dawowa gab da ƙaramar salla, da taimakon tsofaffin masu sayenta da ta bi ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su faɗi abin da suka sani game da ita. Har yanzu, in ji ta, akan samu wadda za ta tambaye ta ko ita ce mai turaren nan da aka ce.