Mene Ne Ilimin Halayyar Ɗan Adam?

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda 'yan boko ke kira saikoloji, bincike ne kan yadda mutum yake tunani, abin da yake ji a ransa, da abin da ke sa shi aikata abin da yake aikatawa. A ciki ake nazarin yadda yaro ke koyon magana, yadda ake tuna abu ko a manta, tsoro, fushi, har da dalilin da ke sa mai hankali ya canza idan ya tsinci kansa cikin taron da ya fusata. Ba duba ba ne fa. Wanda ya karanta shi ba zai kalli fuskarka ya faɗa maka abin da ke cikinka ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da taɓa maganar. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da aka san musabbabinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda kan sauko wa mutum ba gaira ba dalili. Amma a matsayin fanni mai gwaje-gwaje, ana fara lissafi ne daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin bincike a birnin Leipzig na Jamus. A Najeriya kuwa, jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen a 1964.

Abin da ya bambanta shi da hirar majalisa shi ne gwaji. Ivan Pavlov, ɗan Rasha, ya riƙa jiyar da karnuka wani sauti kafin a ba su abinci. Da tafiya ta yi tafiya, sautin kaɗai ya isa yawu ya zubo musu. Mu da muka tashi cikin shanu wannan ba labari ba ne: bijimin da ya saba da dusa, ƙarar bokiti kawai zai ji ya miƙe. Bambancin shi ne Pavlov ya auna, ya rubuta, wasu suka maimaita suka ga haka ne.

Gwajin da ya fi burge ni na Amos Tversky da Daniel Kahneman ne, wanda suka wallafa a 1974. Sun juya wa mutane wani faifai mai lambobi, wanda aka shirya ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 sun ce wajen 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Lambar da ba ruwanta da tambayar ta ja hankalinsu ba su sani ba. To duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san nauyin tayin farko. Dillali ya taya sa da arha, mai shi ya ce albarka, amma daga nan cinikin a kusa da wannan kuɗin zai yi ta kewaye. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ke yanke kuɗin dabbarsu a zuci kafin kowa ya buɗe baki.

Ɓangaren da ya fi shafarmu, mu mazauna kudu, shi ne na lafiyar ƙwaƙwalwa. Bayan rikici irin na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, lissafin rumfuna da kayan da suka ƙone ake yi. Ba a lissafa mutumin da ya daina barci, yake firgita idan taya ta fashe, ko ya kasa bi ta layin da abin ya faru. Idan irin wannan ya wuce wata guda yana hana mutum harkokinsa, masana na ɗaukarsa ciwo ne, kuma ana maganinsa. Haka ciwon damuwa: sati biyu ko fiye mutum ba walwala, ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice. Mu kan ce raki ne ko rashin tawakkali, wani yaron kuma ya koma wa tiramadol. A ganina addu'a da ganin masani ba sa karo da juna, kamar yadda mai karaya ke addu'a kuma ya je wajen maɗori.

A nan sai a bambance mutum biyu. Likitan ƙwaƙwalwa karatun likita ya yi, shi ke rubuta magani. Masanin halayya aikinsa tattaunawa ce da gwaji, yana koya wa mutum yadda zai kama tunanin da ke wahalar da shi. Sau da yawa tare suke aiki.

Kuma ba aikin Turawa kaɗai ba ne. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Asibitin Aro na nan har yau, akwai kuma irinsa na gwamnatin tarayya a Yaba ta Legas, da Uselu a Benin, da Inugu, da Kalaba. Ba sai mutum ya kai ga tsince-tsince a bola ake kai shi ba. Da ƙafarsa zai je ya yanki kati, kuma zai iya tafiya da ɗan'uwan da zai yi masa tafinta idan Turanci ko Yarbanci na ba shi wuya.