Ladabin Shiga Lifta a Lokacin Annoba: Waiwaye Cikin Tarihi

Yau ina so mu leƙa wani ɗan ƙaramin ɗaki mai tarihi, wato lifta, na'urar da ke hawa da mutane saman dogayen benaye. Ita ce wurin da dokar ba da tazara ta fi shan wuya a zamanin korona.

A shekarar 1854, wani Ba'amurke mai suna Elisha Otis ya hau wani dandamali a wurin baje koli a birnin New York, ya sa aka datse igiyar da ke riƙe da shi a gaban jama'a. Dandamalin bai faɗo ba, domin birkin da ya ƙera ya kama shi. A 1857 aka kafa liftar farko ta ɗaukar mutane a wani kanti a wannan birni. Daga nan sai baƙin juna suka fara tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a cikin akwati rufaffe, ladabin wurin kuma ya tsiro da kansa: a bar na ciki su fito tukuna, a fuskanci ƙofa, a taƙaita magana, kada a ƙura wa kowa ido.

Shi kuwa nisantar juna saboda cuta ya girmi lifta nesa ba kusa ba. A annobar Amwas da ta auka wa ƙasar Sham a shekara ta 18 bayan Hijira (639 Miladiyya), Sayyidina Umar ya juya daga Sarg bai shiga ƙasar ba. Bayan rasuwar Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, sai Amru bin As ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, Allah Ya ƙara musu yarda. Ƙarnoni bayan haka, a 1897, likitan Jamus Carl Flügge ya nuna cewa ɗigon yawun da ke fita yayin tari da magana yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Irin wannan bincike shi ne tushen awon mita ɗaya ko biyu da muka sani.

To, a ina waɗannan tarihai biyu suka haɗu? A ranar 21 ga Fabrairun 2003, wani likita mai ɗauke da cutar SARS ya sauka a hawa na 9 na otal ɗin Metropole a Hong Kong. Baƙin da suka kwana a wannan hawa suka kwashi cutar zuwa Kanada da Singafo da Biyetnam, alhali ba su san shi ba. Cikin wuraren da masu bincike suka zarga har da barandar hawan da wurin jiran lifta.

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, ta shawarci mutane su bar aƙalla mita 1 a tsakaninsu, Ingila kuma ta ce mita 2. Mai karatu, ga inda gizo ke saƙar: liftar mutum 8 da aka saba gani faɗinta mita 1.1 ne, tsawonta 1.4. Ina za a samo mita 2 a nan? Sai aka koma ga tsohon ladabi. Aka rage yawan masu shiga, aka zana wurin tsayuwa a kowane lungu, aka wajabta takunkumi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka har shawara ta bayar a guji magana a ciki. A wasu gine-ginen ƙasar Sin kuwa, da tsinken sakace ake danna maɓalli.

A 2021 hukumomin lafiya suka bayyana cewa iskar da ake shaƙa ta fi maɓalli haɗari, kuma daɗewa wuri guda na ƙara yiwuwar kamuwa. Ashe shirun nan da gajertar tafiyar su ne kariyar gaske, ba tsinke ba.

An janye dokar ta-ɓacin korona a ranar 5 ga Mayun 2023, zanen ƙasan liftoci ma ya goge. Amma abin da nake so mu riƙe shi ne: babu ɗan sandan da ke gadin lifta. Idan ƙofa ta buɗe, ka ga tsohuwa ko mai juna biyu a ciki, kai kuma mura na damunka, kai kaɗai ka san halin da kake ciki. Jiran minti biyu, ko bin matakala, ba zai rage ka da komai ba, ita kuwa wataƙila lafiyarta ce ka tsare. Wata annobar za ta iya zuwa, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kare mu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.