Abin da Akan Ya Binne a Alfarwarsa

Masu sauraro, in an ambaci Yariko, abin da muke fara tunawa shi ne garun da ya rushe bayan an kewaye birnin kwana 7. Amma a ranar nasarar nan an yi wani abu a ɓoye, littafin Joshuwa sura 7 kuwa ya ba mu labarinsa.

Tun kafin a shiga birnin, Joshuwa ya ja kunnen jama'a kada kowa ya ɗauki ganima. Azurfa, zinariya, tagulla da baƙin ƙarfe na baitulmalin Ubangiji ne, sauran kuwa a ƙone. Akan ɗan Karmi, daga kabilar Yahuza, ya ji wannan kamar kowa. Duk da haka ya ga wata kyakkyawar riga ta Shinar, wato ƙasar Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya ta shekel 50. A awon yau azurfar ta ɗara kilo 2, zinariyar kuma ta ɗara rabin kilo. Ya kwashe, ya haƙa rami a cikin alfarwarsa, ya binne. Rigar nan ma, ina zai sa ta ba a tambaye shi ba?

Ai ƙaramin gari ne kusa da Betel. 'Yan leƙen asiri suka ce ba sai an wahalar da dukan runduna ba, aka tura mutum wajen 3,000. Mutanen Ai suka fatattake su, suka kashe kamar 36. Mu dakata a nan kaɗan. Mutanen nan 36 ba su san da ramin ba. Sun fita yaƙi bisa ga umarni, ana jiran komowarsu a gida. Da kuka ya tashi a zango, mutum ɗaya ya san dalili, ya kuwa yi shiru. Joshuwa kansa ya yayyage tufafinsa, ya fāɗi rubda ciki a gaban akwatin alkawari har yamma, bai san inda ɓarnar take ba.

Ubangiji ya sani. Ya ce wa Joshuwa ya tashi, ya kuma lissafta laifin a kan Isra'ila duka. Aka sanar cewa da safe za a gabato kabila kabila. Akan ya sami dare guda cur, bai fito ba. Da gari ya waye aka ware Yahuza, aka ware dangin Zera, aka ware gidan Zabdi, sa'an nan shi. Sai a lokacin ya buɗe baki. A ganinmu wannan ba tuba ba ce, hanyar gudu ce ta ƙare. Manzanni suka sheƙa alfarwar, suka tarar da kayan, azurfar tana ƙarƙashi.

A Kwarin Akor aka jajjefe shi, hukuncin ya haɗa da 'ya'yansa da dabbobinsa da alfarwar. Wannan sashi yana da nauyin karantawa, ba za mu sauƙaƙa shi ba. Abin takaici kuma, da aka koma aka ci Ai, Ubangiji ya yardar wa jama'a su kwashi ganima da dabbobi.

Bayan shekaru, sa'ad da kabilun hayin Urdun suka gina bagade, aka aiki Finehas ɗan Ele'azara da shugabanni 10 wurinsu. Sunan Akan suka ambata, suna tuna musu cewa ba shi kaɗai ya mutu saboda laifinsa ba.